Ranar Da Bidiyo Ya Busa Mini Usur

Shekara goma sha tara na yi ina busa wasan ƙwallon ƙafa kafin gwiwar hagu ta ce ta gaji. Daga filayen unguwa inda ake zana layi da toka har zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, babu kalar zagin da kunnena bai sha ba. Da na rataye usur sai manya suka ce in dawo in riƙa koyar da alƙalai masu tasowa. Na karɓa hannu bibbiyu, tunda dama malamin makaranta ne ni, alli ba baƙona ba ne.

Kayan aikina a lokacin ba su da yawa. Littafin dokoki goma sha bakwai wanda bangonsa ya gama cin ƙasa, da allo, da marafan kwalbar lemo ashirin da biyu da nake zubawa a leda, rabi ja rabi ruwan ɗorawa. In zan koyar da satar gida sai in jera su a kan tebur, in ɗauki tsakuwa a matsayin ƙwallo. Babban jarina kuwa labari ne. Kowace doka tana da labarinta a bakina: ranar da na ba da fenareti a minti na ƙarshe aka fitar da ni ta bayan fili a cikin motar ɗaukar hatsi, ranar da mai tutana ya yi barci a tsaye. Yara su yi ta dariya, ni kuma in koma gida da yaƙinin cewa darasi ya shiga.

A 2019 aka kira mu masu horaswa zuwa bita ta kwana uku, saboda hukumar IFAB, wadda ita ke da ikon taɓa dokokin ƙwallo tun 1886, ta yi sauye-sauye masu yawa a shekarar. Bugun gola ba sai ƙwallo ta fita daga yadi na sha takwas ba. An daina sakin ƙwallo tsakanin mutum biyu su yi kokawa a kanta, mutum ɗaya ake sakar wa, sauran su ja baya mita 4. In masu tare gida uku ko fiye suka yi katanga, abokan hamayya su ba su tazarar mita 1. Koci ma an fara ɗaga masa kati. Duk na karanta waɗannan, har na ja layi da jan biro a ƙarƙashinsu. Na shiga zauren ina jin cewa in ma akwai wanda zai koyi wani abu, to ba ni ba ne.

Wanda aka ba jagorancin bitar yaro ne da na taɓa koya wa yadda ake riƙe tuta. Ya je wani kwas na masu horaswa da FIFA ta shirya, ya dawo da kwamfutar tafi-da-gidanka da ɗan filashi a rataye a wuya kamar laya. Ya gaishe mu da ladabi, ya raba mana takardu, ya ce zai haska guntayen bidiyo ashirin, kowanne sau biyu kacal, kowa ya rubuta abu uku: laifi ne ko ba laifi ba, da me za a ci gaba da wasa, wane kati. Wani dattijo da ke gefena, wanda ya riga ni fara busa da shekara goma, ya ture takardarsa ya ce shi bai zo gidan kallo ba. Ni ban ture ba, don kawai ina so in nuna wa yaron cewa tsohon hannu ba ya kwana.

Goma sha ɗaya na ci cikin ashirin.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na bakwai. Ɗan gaba ya kufce ya nufi raga, mai tsaron baya ya zamo ta gefe a cikin yadi na sha takwas yana neman ƙwallo, ya makara, ya kwashe ƙafa. Na rubuta fenareti da jan kati ba tare da ko ƙifta ido ba. Alhali tun gyaran 2016 aka ce in laifin a cikin yadin ne kuma ɗan wasan ƙwallo ya nufa, to fenareti ne da katin gargaɗi. Jan kati sai ga wanda ya ja riga, ko ya tura, ko ya riƙe, ko wanda ba shi da wata hanyar kaiwa ga ƙwallo. Na san wannan. Shekara uku ina faɗarsa a aji da bakina. Amma da aka ba ni daƙiƙa biyar, hannuna ya rubuta dokar da na yi shekara goma sha tara ina busawa. Sai na fara lissafi a raina: in ni da na haddace haka ta same ni, yaran da na sallama da labari da marafan kwalba fa, me idonsu ke gani a fili?

Ban amsa laifi a ranar ba, gaskiya. Gardama na tayar. Na ce kyamara tana can saman rumfa a inuwa, rafali yana ƙasa cikin ƙura, numfashi na neman ɗaukewa, mutum huɗu sun tare masa gani. Na ce kuma wannan rage gudun hoto da ake yi yaudara ce, domin ko gaisawa aka yi da ƙafa, in ka ja ta a hankali sai ta zama kamar yunƙurin kisa. Ina jiran ya kare na'urarsa, sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai maganarku tana cikin littafi." Ya buɗe ƙa'idar aiki da VAR, wato taimaka wa rafali da hoton bidiyo, wadda ta shiga littafin dokoki a 2018, ya karanto mana inda aka ce hoto mai tafiyar hawainiya ana amfani da shi ne don tabbatar da abu kamar wurin da aka yi laifi, ko inda ƙafa ta taɓa, ko ƙwallo ta fita, amma auna tsananin ƙeta sai a gudun da abin ya faru. Wato waɗanda suka kawo na'urar sun riga ni sanin aibinta. Wannan ne ya sassauta ni fiye da makin da na faɗi. Mutum ya fi yarda da kayan da mai sayarwa ya nuna masa inda ya tsage.

Bayan wata biyu na sayi kwamfuta ta hannu, wadda batirinta ba ya kai minti arba'in. Autata, wadda ke aji biyar na sakandare a lokacin, ita ta zama malamata. Ta sauke mini manhajar dokokin IFAB a waya, kyauta ce, kuma kana rubuta kalma take kai ka inda take ba sai ka lashi yatsa kana buɗe shafi ba. Ta koya mini yanke bidiyo. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tsayar da hoto daidai lokacin da ƙafar mai bayarwa ta fara taɓa ƙwallo, domin a nan ake auna satar gida, ba lokacin da ta isa wurin mai karɓa ba. Sai in wuce, in dawo, in sake wucewa. Ta kan ce, "Baba, ku daina danna shi da ƙarfi, ba usur ba ne." Na yi sati uku kafin na haɗa guntaye goma sha biyu da nake jin zan iya tsayawa a kansu.

Ajin farko abin kunya ne. Na aro majigi, na zo da wuri, na jona komai. Ajin makarantar da muke aro tagoginsa babu ƙyaure, rana ta cika ɗakin, hoto a bango ya zama kamar inuwar hayaƙi. Muka rataya tabarmi da darduma a tagogi, zafi ya taso. Ana cikin guntu na uku aka ɗauke wuta. Janareton da aka yi mana alkawari babu mai a cikinsa, wanda ke da makullin ɗakin ajiya kuma ya tafi ɗaurin aure. Yara talatin suna kallona, ni ina kallon baƙin bango. Na zura hannu a jaka na fito da ledar marafai. A hanyar gida na rantse a raina na gama da wannan wahala.

Abin da ya hana ni cika rantsuwar shi ne tambayar da wani yaro ya yi mini a bakin ƙofa. Ya ce, "Malam, wancan na biyun da muka gani, ganganci ne ko sakaci?" Shekaru ina fama da waɗannan kalmomi. Doka ta 12 ta raba ƙeta hawa uku: wadda aka yi da sakaci, bugun tazara ne kawai babu kati, wadda aka yi da ganganci ba tare da damuwa da lafiyar abokin karawa ba, katin gargaɗi, wadda aka yi da ƙarfin da ya wuce kima har ta jefa shi cikin haɗari, jan kati. A allo kalmomi uku ne, kowa ya kwafa ya haddace. A fili kuwa kowane rafali da nasa ma'aunin, shi ya sa abin da aka kori mutum a kansa ranar Asabar ake yafe wa wani ranar Lahadi. Marfin kwalba ba shi da ƙafa, ba zai nuna maka tsinin takalmi a kan ƙauri ba. Yaron nan guntu biyu kawai ya gani, amma ya yi tambayar da ba a taɓa yi mini ba.

Sati na gaba na zo da galan ɗin fetur da kuɗina, na mayar da ajin bayan la'asar.

A nan na gano cewa zaɓen guntun bidiyo shi ne rabin aikin. Na sa musu abin da Nigel de Jong ya yi wa Xabi Alonso a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010, ƙafa a ƙirji. Duk ajin suka ce ja. Na ce to Howard Webb katin gargaɗi ya bayar, kuma daga baya shi da kansa ya ce ja ya kamata, inda yake tsaye ne bai ba shi damar ganin abin sosai ba. Sai muka bar maganar kati muka koma kan tambayar da ta fi amfani: a ina ya kamata ya tsaya? A nan marafaina suka dawo da darajarsu, na jera su a tebur muna matsar da rafali taku biyar hagu, taku uku gaba. Na sa musu korar da aka yi wa Sani Kaita a wasan Najeriya da Girka a Bloemfontein a shekarar, minti na 33, muna gaba da ci ɗaya. Kowa a ɗakin ya san abin, wasu ma har yau yana yi musu ciwo. Jan kati babu gardama. Amma da na tambaya da me aka ci gaba da wasa, fiye da rabi suka ce bugun tazara. Ƙwallo ta riga ta fita kafin abin ya faru, saboda haka jifa ce, kati ba ya canza wannan. Na sha faɗar wannan ƙa'ida a allo tana wucewa ta bayan kunne. Tun ranar ban sake jin wanda ya faɗi ta ba.

Wanda ya kusa tarwatsa ajin shi ne na Marcos Rojo a wasanmu da Ajantina a 2018, inda ya sa kai ƙwallo ta zame ta bugi hannunsa, alƙalin wasa Cüneyt Çakır ya je ya duba allon gefen fili ya ce babu fenareti, sannan Rojon ya zo ya ci mu a minti na 86. Da na haska shi sai ɗakin ya koma gidan kallon ƙwallo, har da masu miƙewa tsaye. Na bari suka huce, sannan na ce kowa ya ɗauka mai hannun ɗan bayanmu ne, ƙwallon kuma a ragarmu, ya sake rubuta hukunci. Mutum tara suka canza amsa. Na ce su ɗaga hannu, suka ɗaga suna sunkuyar da kai. Ban ƙara ko kalma ba, domin ni ma a daren wasan na zagi talabijin.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka rufe Kano, aka dakatar da wasanni. Aka ce mu koma Zoom. Mun gwada sau biyu. Mutum talatin a rajista, takwas suka shigo, uku sabis ya yi ta jefar da su, ɗaya ya manta makirufonsa a buɗe muna jin ana raba faɗan yara. Kuma yawancin ɗalibaina masu ɗinki ne, da 'yan kasuwa, da malaman firamare, awa biyu na bidiyo kai tsaye kuɗin cefane ne. Muka koma WhatsApp. Bayan sallar isha'i in tura guntun bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar wanda autata ta matse shi ya yi sauƙi, in ba da minti goma. Da farko a zauren ake amsawa, sai na lura duk wanda ya fara magana cikin manyan ɗalibai, sauran bin sa suke kamar tumaki. Na ce kowa ya turo mini ni kaɗai, da murya, ya faɗi dalili. Da safe in yi bayani da Hausa, domin manhajar tana Turanci da Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, kuma Turancin doka ba na kasuwa ba ne. A waɗannan saƙonnin murya na san ɗalibaina fiye da yadda na san su a aji. Akwai wata yarinya da ba ta taɓa buɗe baki a gaban maza ba, ashe ita ta fi kowa ido a kan abubuwa huɗu da ake dubawa kafin a ce an hana cin ƙwallo bayyananne: nisa daga raga, inda wasa ya dosa, yiwuwar mallakar ƙwallo, da yawan masu tsaron baya da inda suke.

Mu masu horaswa kuwa ba mu taɓa zama mun faɗa wa juna gaskiyar abin da ke damunmu ba. A taro sai a ce wuta, a ce data, a ce babu majigi, kuma duk gaskiya ne. Amma a ƙarƙashi akwai tsoron ka tsaya gaban yaran da suka girme ka a waya kana lalube, ɗaya ya taso ya ce, "Malam, kawo in gyara muku." Akwai kuma abin da ya fi wannan: a da in na ce ja ne, to ja ne, babu mai shaida sai ni. Yanzu yaro zai ce a mayar da hoton baya. Sau biyu aka kama ni a gaban aji, na farko na yi ta kewaye-kewaye, na biyu na ce na yi kuskure, na ga kuma rufin bai faɗo ba. Sannan akwai maganar da ba a so a taɓa, wato kwas ɗin da aka yi ta waya babu kuɗin mota, babu na masauki, kuma wasunmu da wannan ɗan abin suke toshe ɓaraka. Wanda duk ya zo da na'ura yana mamakin me ya sa dattawa ke jan ƙafa, ya fara lissafa wannan.

Su ma matasan masu horaswa ina da ƙorafi a kansu. Na zauna a ajin wani da ya haska guntaye arba'in a jere, yana karanta amsa daga takardar da aka haɗo masa da ita, babu tambaya babu dalili. Duk wasannin Turai ne, ciyawa kamar darduma, kyamara ta ko'ina. Yaran da ke kallo kuwa gobe za su busa a filin da ba shi da shinge, 'yan kallo suna taka layi. Shi ya sa na fara aika mutum da waya ya hau katanga ya ɗauki wasannin ɗalibaina. Hoton yana rawa, ƙura ta rufe rabi, amma a ciki wani mai tuta ya ga kansa taku shida a bayan mai tsaron baya na biyun ƙarshe lokacin da ya ɗaga tutar satar gida. Wata uku ina gaya masa yana rantsuwa a kan layi yake. Ya kalla sau uku, ya ce, "Malam, wannan ni ne?"

Gwajin ƙarfi dai babu allon da zai yi maka shi. Gudun mita 40 sau shida, sannan mita 75 da gudu da mita 25 da tafiya har sau arba'in, ƙafarka ce da huhunka. Haka nan tsayawa ka nuna tsakiyar yadi na sha takwas alhali mutum dubu suna kiran sunan mahaifiyarka. Wannan har yanzu da labari nake koyar da shi, kuma motar hatsin nan ba ta daina aiki ba.

A watan Maris na 2025 IFAB ta canza dokar riƙe ƙwallo ga mai tsaron gida: daƙiƙa shida da kusan babu mai busawa ta koma takwas, hukuncin ya koma bugun kusurwa, rafali kuma ya ɗaga hannu yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu kowa na gani. A zamaninmu irin wannan sai ya yi watanni kafin kwafin takarda ya iso hannunka, ya sha hoto har rubutun ya dushe. Wannan karon da aka fara aiki da ita na tura guntun bidiyo a zauren WhatsApp, da Asabar muka fita fili kowa ya ɗaga hannu yana ƙirgawa, ina bin su da agogo, domin wasu biyar ɗinsu ba ta kai uku.

A daren ne wayata ta yi ƙara. Dattijon nan ne da ya ture takarda a 2019, wanda har yau bai taɓa kwamfuta ba. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya ce, "Kai, wannan abin na gola da ake ta magana, turo wa jikana a wayarsa in gani." Na ce, "To, Yaya, yanzu kuwa." Bayan minti ashirin sai ga saƙon murya na minti shida. Ya ce rafalin cikin hoton ya fara ƙirga da wuri, golan bai gama tashi daga ƙasa ba, kuma inda ya tsaya ma ba daidai ba ne. Na mayar da hoton baya na sake kallo a gudunsa. A kan wurin tsayuwar, da gaskiyarsa.